Baƙon da Ya Zo Neman Atiku

A shekarar da aka ce Turawa za su miƙa mulki, damina ta yi kyau a Kebbe, gero ya fi mutum tsawo a gonakin bakin gari. Hinde tana zaune a gidan da mijinta Ɗangiwa ya mutu ya bar mata, tana dama fura tana sayarwa a ƙofar gida. Bafillatana ce haihuwar ruga, amma ta fi shekara ashirin a cikin gari, har Fillancin ya fara yi mata nauyi a baki. Ɗa guda gare ta, Atiku, malamin makarantar elementare a Tambuwal. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa. Malam take ce masa, kamar yadda 'yan makaranta suke faɗa.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarta Kulu, wadda ke kai daddawa kasuwar Tambuwal, ta shigo ko mayafi ba ta ajiye ba.

"Hinde, na ga ɗanki ga kasuwa."

"Lafiya dai shike?"

"Lafiya lau. Amma ba shi kaɗai ba. Shina tafe da wani tsohon Bafillace, dogo, mai tabo bisa gira. Tsohon ya aza mishi hannu ga kafaɗa kamar wanda ya kamo ɗan akuya, inda duk ya juya nan Malam ka juyawa. Na gaishe shi, ya amsa mani sama-sama, ya ja tsohon sun shige cikin mutane. Masu nono sun ce ba yau suka fara ba."

Hinde ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Tabon, ga wace gira?"

"Ta hagu."

Hinde ta san tabon, don tana tsaye a wurin ranar da bijimi ya yi shi. Bube ne, mijinta na fari, uban Atiku.

Tun tana yarinya aka kai ta rugarsu. Suna yin damina a arewa, in rani ya kama su gangara kudu. Wata shekara suka sauka kusa da Fakku, ita kuwa tana shiga Kebbe da nono, Atiku yana biye da ita, ƙanwarsa Atu tana goye. A lokacin ƙyanda ta shigo garin. An gaya mata, ta ce ai ba kwana za ta yi ba, ta kai nononta ta dawo. Bayan 'yan kwanaki yaran biyu suka kwanta. Atu ba ta tashi ba. Atiku yana kwance tsakanin rai da mutuwa ciyawar wurin ta ƙare, shanu suka fara faɗuwa, Bube ya ce tashi za a yi. Ta ce ba ta ɗaukar yaro a haka. Ya kai su gidan wata tsohuwa a Kebbe, ya bi shanunsa, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Da ya dawo da damina ta ce ita da daji har abada, ta kai shi gaban alƙali aka raba auren. A ƙofar alƙalin ne ya gaya mata maganar da ta zauna mata a ƙirji: yaron ƙarami ne, ya bar mata shi, amma in ya girma zai zo ya ɗauki abinsa. Daga nan aka ce ya yi ƙasar Borgu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, ga shi ya zo.

Hinde ta kwana biyu tana juya maganar. Me ya hana shi zuwa Kebbe, inda ya san ya bar su? Me ya sa ya zagaya ta bayanta? Shi kuma Malam, wanda ko sabon takalmi ya saya sai ya aiko an gaya mata, me ya rufe masa baki? Ga kaka ta gabato, lokacin da masu shanu ke ɗaure kaya su yi kudu. Ta tuna irin magungunan da mazan ruga suke da su, wanda za a shafa wa maraƙi ya bi mutum ko ina.

Ta bar wa Kulu gida, ta bi ayarin masu jakuna, don ruwa ya ɓata hanya mota ba ta zuwa. Ta isa Tambuwal da la'asar, ƙafafunta duk taɓo.

Tun daga zaure ta fara ganin abin da ba ta so. Ga tabarma a naɗe a jingine, ga buzu, ga wata tsohuwar malafa a rataye. Malam hula yake sawa, ba shi da abin yi da malafa. Zauren kuma yana ƙanshin man shanu da hayaƙin kashin shanu, ƙanshin da ko a mafarki ta ji shi ta san na ruga ne.

Asiya matar Atiku ta fito da gudu ta durƙusa.

"Inna! Sannu da zuwa. Ba ki aiko ba."

"Sai na aiko in zo gidan ɗana?"

"A'a, Inna, don dai a tarbe ki."

Ta kawo mata ruwa, ta kawo fura. Hinde ta kurɓi nonon ta riƙe shi a baki. Mai kauri ne, ba a tsarma masa ruwa ba, ba a cire masa mai ba. Ba wadda za ta kawo irin wannan kasuwa.

"Ina kika samu nonon ga?"

"Saye na yi."

"Ga wa?"

"Wata ce... ban san sunanta ba."

Asiya ba ta iya ƙarya ba, idonta yana kan tabarma. A bakin murhu kuma ga ƙuli-ƙuli an soya an shanya a faifai, mai yawa, ga dakakken gero a ƙullin zane. Wannan guzurin tafiya ne, Hinde ba yarinya ba ce.

"Wa za shi tafiya?"

"Malam ne zai gaya miki, Inna."

Atiku ya dawo kafin magariba, muryarsa ta dushe saboda koya wa yara maci da waƙar bikin mulkin kai. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi Kebbe, ya tambayi gyaɗarta, ya ba ta labarin tutocin da aka aiko daga Sakkwato za a raba wa yara. Ta bar shi ya gama.

"Malafar wa ke ga zaure?"

"Ta baƙo ce."

"Baƙon ba shi da suna?"

"Inna, kin san ko wane ne, in ba haka ba da ba ki taho cikin ruwan nan ba. Baba ne. Rugarsu tana wajen Jabo. Ranar kasuwa yakan zo ya huta a nan."

"Baba," in ji Hinde. Ta maimaita kalmar kamar mai tauna tsakuwa. Ɗangiwa kaɗai ta taɓa jin ya kira haka. "Guzurin fa?"

"Na nemi izini wurin hedimasta. In an gama biki za mu yi tafiya, ni da shi."

"Ina za ku?"

"Ya roƙe ni kada in faɗa. Na kuwa yi masa alkawari."

"Ni ce ba za a gaya ma ba?"

"Ke musamman, Inna. Ki yi haƙuri. Ba abin tsoro ba ne, wallahi."

Ta dube shi da kyau. Fuskarsa ce, muryarsa ce, amma ba ta taɓa jin ya ce mata a'a ba sai yau. Ta ce a ranta, an riga an taɓa shi.

Washegari da ya tafi makaranta, Asiya kuma ta tafi rijiya, Hinde ta shiga zauren ta bincike shi tas. Ta warware tabarmar, ta kakkaɓe buzun, ta leƙa cikin malafar. A jikin jinka, can sama inda sai mutum ya yi ɗage, ta ga wani abu a soke. Ɗan ƙahon akuya ne an toshe bakinsa da tsumma. Ta buɗe, ta ga baƙin gari mai ƙyalli, mai wari kamar ƙonannen gashi. Ta yi bisimilla, ta kai shi bayan gida ta jefa a salga, ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ta yi su tana kallon ɗanta. In ya yi shiru a kan abinci ta ce tunanin shanu yake. In ya yi dariya ta ce murnar tafiya ce. Har ta lura yana tambayar Asiya ma'anar wata kalmar Fillanci da ya ji, ita kuwa Asiya Bahausa ce ba ta sani ba, ga uwarsa a zaune bai tambaye ta ba. Wani lokaci tsoron yakan juya ya koma kanta. Da ba ta shiga Kebbe da yaran ba. Da ta bi Bube kudu. Da ba ta yarda ba ranar da uban ƙasa ya ce kowane gida a ba da yaro ɗaya makaranta, Ɗangiwa ya ɓoye nasa 'ya'yan ya miƙa agola. Shekara da shekaru tana da wannan hali: in tunani ɗaya ya shigo sai ya jawo sauran duka, su taru su danne ta, har ta rasa wanne ne laifinta wanne ne ba nata ba.

Ranar kasuwa ba ta jira a kawo shi gida ba. Ta yafa mayafi ta nufi kara, inda ake cinikin shanu. Ba wurin mata ba ne, dillalai suna ta kallonta, ba ta kula su ba. Ta hango shi a gefe, ƙarƙashin wata tsamiya, shi kaɗai a zaune, sanda a gicciye bisa cinya, goran ruwa a gefensa. Ya rame, gemun ya yi fari fat, amma zaman nan nasa na miƙe baya yana nan.

Ta zo ta tsaya a gabansa. Ya ɗago kai, ya dubi wajenta, ya mai da kai. Ko gezau.

Ranta ya ɓaci. Wato har yanzu girman kan yana nan, zai nuna bai san ta ba. Ta tsaya ta ƙi motsi, ta ga iyakar abin. Can ya ce da Hausa, cikin muryar da ake yi wa baƙo magana:

"Wane na? In mai saye ne, shanun na can wajen ƙanena."

"Ba saye ya kawo ni ba."

Sandar ta zame daga cinyarsa. Sai a lokacin ta dubi idanunsa sosai. Baƙin idon ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa, duka biyun.

"Uwar Malam," in ji shi a hankali. "Muryar ba ta sake ba."

Hinde ba ta yarda nan take ba. Ta san mutumin nan, ya taɓa kwana uku yana ɗingishin ƙarya don masu jangali su ji tausayinsa. Ta sunkuya ba tare da ƙara ba, ta ɗauke goran ruwan daga damansa ta mai da shi hagu, ta koma ta tsaya. Can sai ya kai hannu inda goran yake, ya shafa ƙasa, ya ƙara miƙa hannu, ya lalubi saiwar tsamiya. Ta ga kunya ta rufe masa fuska. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa kamar ba abin da yake nema.

Ta ɗauki goran ta sa masa a hannu, ta sami wuri nesa kaɗan ta zauna.

"Tun yaushe?"

"Damina uku ke nan shina ƙaruwa. Yanzu haske nika gani da duhu, sai inuwar mutum in ya gitta. Na ce ma Malam kada shi gaya miki. Ban so ki gan ni haka ba."

"Tafiyar da za ku yi fa?"

"Sakkwato. Ya ce akwai likitan da ka cire yanar ido."

"Ƙahon da ka soke ga zaure nai fa?"

"Wane ƙaho? Au. Ba ni na soke shi ba. Maganin ido ne, wani boka ya ba ni a Yawuri. Malam ya ce shi ka ƙara ci mani ido, ya karɓe ya ɓoye. Kullum sai na roƙe shi shi ba ni."

"To ka bar roƙo. Shina cikin salga."

Bube ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Hinde ba ta yi ba. Ba ta taho daga Kebbe don a sallame ta da wannan ba.

"Ka gaya mani gaskiya. Rugarku ta fi shekara ashirin ba ta hau arewa ba. Don likita kuka taho har Jabo?"

Ya daɗe yana murza sandar.

"A'a. Na zo in tafi da shi ne. Ba ni ɓoye miki. Ɗiyan da na samu bayanku mata ne, duk sun yi aure. Namijin guda ya tafi Kurmi bai waiwayo ba. Ƙanena Sidi shi ma ya tsufa. Na ce ina da ɗa a Kebbe, shanun ubanai na jiranai."

"Na sani," in ji Hinde. Wani abu mai kama da daɗi ya ratsa ta, daɗin wanda aka ce masa bai yi hauka ba. "Na sani tun ranar da aka gaya mani."

"Na tambaya an ce shina nan. Na sa an kai ni bakin makaranta, na zauna bayan danga. Na ji shi shina magana, yara masu yawa sun yi tsit kamar garke in ya ji muryar mai shi. Da aka tashi na kira shi. Mun zauna. Na tambaye shi abin da duk ɗan shekara bakwai ya sani ga ruga, bai san ko ɗaya ba. Bai san kukan saniya mai ƙishirwa da na mai neman ɗanta ba. In na kai shi daji, ko shanun su kashe shi ko shi shi kashe su. Kuma shina son abin da shika yi, ana ji ga murya. Ban ko furta mishi ba. Na ce dai idona ke ciwo."

"In idon ya buɗe fa? Ba ka sake shawara?"

"Ban san abin da zuciya za ta ce gobe ba. Yau dai ga abin da ta ce."

Wannan amsar ta fi kwanta mata a rai fiye da rantsuwa. Ta mai da ido kan wani dillali yana buɗe bakin bijimi yana duba haƙora. Ba ta yi niyyar ta da tsohon zance ba, sai ta ji shi ya fito da kansa.

"Da ban shiga Kebbe da su ba ran nan, da yanzu yarinyar nan tana da ɗiyanta."

"Wataƙila," in ji Bube. "Wataƙila kuma ciwon shi biyo mu har ruga, ya sha yin haka. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Na yi shekaru ina aza miki laifin. Da na gaji na aza ma kaina, na ce ni na sauke mu kusa da gari. Duk bai dawo da ita ba. Nono kika kai, kamar yadda kika saba kaiwa, don mu ci."

"An gaya mani akwai ciwon."

"An gaya miki. Ni ma an gaya mani akwai ƙudan tsando ga hanyar Borgu, na bi, na rasa shanu. Mutum shina jin gargaɗi kala-kala kullum, bai san wanda za shi tabbata ba sai ya tabbata."

Hinde ta share ido da bakin mayafi. Ba wanda ya taɓa yi mata maganar nan ba tare da ya ce ta yi haƙuri ƙaddara ce ya rufe zancen ba.

"Ni kau," ya ci gaba, "da idon ga ya rufe, ba ni da aiki sai tunani, sai na zauna na ware su kamar yadda aka ware shanu ga mashaya. Tashin da na yi, ban yi nadama ba. Da na zauna da garken ya ƙare, da mu duka mun shiga bara. Amma da na bar Sidi ya ja su gaba, ni in tsaya in ga sadakar bakwai ɗin yarinyar, in ga ko yaron za shi tashi. Kwana kaɗan ne. Wannan shi nika nadama. Da maganar da na faɗa miki ƙofar alƙali. Na faɗa ne don ta yi miki zafi."

"Ta yi."

"To, ki yafe."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Tana can tana gwada abin da ya ce, tana ware nata. Zaman da ta yi da yaro mara lafiya a Kebbe, ko yau aka dawo da ita nan za ta zauna. Auren Ɗangiwa, mutum ne mai rowa da son nasa, amma bai taɓa zaginta ba, ya kuma rufa mata asiri. Makarantar da ta yi wa kuka kamar an kai yaron kabari, ga abin da ta zama. Da ta cire waɗannan, sai ta ga abin da ya rage ba shi da yawa, ana iya ɗaukarsa.

"Nawa guda biyu ne," ta ce. "Ranar da ka dawo da damina, ka taho da ƙafa tun daga nesa, ko ruwa ban ba ka ba. Sannan yaron, duk sadda ya tambaye ni kai, sai in ce ka fi son shanu da shi. Bai kamata in gaya ma yaro haka ba."

"Ba ƙarya ce duka ba."

"Ba ƙarya ce duka ba. Amma ba ita ke nan ba."

Suna nan zaune Atiku ya iso, an tashi makaranta, alli duk a hannun rigarsa. Da ya hango su tare ya ja ya tsaya, ya dubi wannan ya dubi wancan, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Ka ɗauki ubanka ku tafi gida, rana ta yi," in ji Hinde. "Ni ina bayanku."

Ta bi su a baya tana kallo. Tsohon ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan, ɗan yana rage sauri in an zo rami, yana cewa a ɗaga ƙafa. Abin da Kulu ta gani ke nan. Duk da haka, da suka isa gida Hinde ta kira Atiku gefe.

"In kun tafi, Sakkwato ce kaɗai. Ba ka biyawa ruga ka kwana. Ba ka cin abin da ba ka ga an ci ba."

"Haba, Inna."

"Na faɗa maka. Kuma ba ni komawa Kebbe sai na ga ka dawo da ƙafarka."

Aka yi bikin mulkin kai. Yaran Atiku suka yi maci a filin makaranta da 'yan tutocinsu, aka dafa shinkafa, makaɗa suka yi ta kiɗa. Hinde ta kalla daga cikin mata, Bube ya saurara daga zaure. Bayan kwana biyu uba da ɗa suka hau babbar mota.

Tafiyar ta fi yadda aka ce tsawo. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Tsohon zargin ya dawo mata sabo. Har ta sa aka tambayo mata masu nono ko rugar Jabo tana nan, aka ce tana nan, ba su ɗaure kaya ba. Ta ce ai ana iya barin ruga a wuce da mutum ta wata hanya. Asiya ta yi ta ba ta baki. A kwanakin nan ne, suna tsinke zogale a tsakar gida, Hinde ta ba surukarta labarin ruga, da yadda ake kafa bukka a yini guda, da yarinyar da ta rasa. Asiya ba ta taɓa sanin mijinta ya yi ƙanwa ba. Da wani direba ya kawo saƙon baki cewa likitan Sakkwato ya tura su Kano, Hinde ta sa shi ya maimaita, ta tambaye shi kalar rigar Malam, sannan ta yarda.

Suka dawo ana yankan dawa. An yi aikin ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an ce ya riga ya mutu. Bube ya sauko daga mota da wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ba hannu a kafaɗar kowa, yana taka ƙasa a hankali kamar mai shiga rafi. A ƙofar gida ya tsaya ya daɗe yana kallon Hinde.

"Kin tsufa," ya ce.

"Ashe likitan bai duba bakin ba."

Ya kwana biyu ya koma Jabo. Ba a jima ba aka ce rugar ta tashi ta yi kudu. Atiku ya raka su har bayan gari ya dawo ya shiga aji, ya ce uban ya ce in damina ta kama za su sake hawowa. Hinde ta ce to, Allah ya kai mu, a ranta kuwa ta ce in sun hawo ita ma tana nan.

Ta sami motar kasuwa, don hanya ta bushe. Da ta sauka a Kebbe ta tarar gyaɗarta ta wuce lokacin cira, ƙasa ta yi tauri, rabi sai an tona da fartanya. Ta tsaya a bakin gonar ta yi tsaki, ta ce da ta sani da ta bar wa wani sallahu kafin ta tafi. Sannan ta ɗaura ɗamara ta shiga nemo masu taya ta.